Gyaɗa a Cikin Kwalba

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Na sauke yaran mutane a makaranta lafiya, na ajiye bas, na dawo gidan yayata Lurleen. Nan muke ni da Corinne tun Asabar, a ɗakin da take tara kayan ɗinkinta. Ba zan rubuta zancen Asabar ba. Mai son labarin ya je ya tambayi Mista Orrin, baban mijina, tunda a bayan akori-kurarsa aka fara.

Corinne tana barci. Kumburin leɓenta ya saɓe, saura ɗan kaɗan a gefen hagu. Shekararta shida.

Likitan da ya karɓe mu ya ce gyaɗa yake zargi. Ya ba ni wata allura mai kama da ƙaton biro, ya ce duk inda yarinyar take ita ma ta kasance a wurin, idan numfashi ya sake sarƙewa a soka mata a cinya ko da ta saman wando ne. Ya haɗa mini da kwalbar magani ruwan hoda saboda ƙaiƙayi. Ya ce ba za a tabbatar ba sai likitan borin jini ya yi mata gwajin fata.

Wendell kuwa, mijina, uban da ya haife ta, yana tsaye yana ji da kunnensa, amma muna fitowa sai ya ce, "Twyla, ni fa ina ganin rina ce ta harbe ta."

Rina. To ina wurin harbin? Na tuɓe yarinyar nan na duba ta tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, ko cizon sauro ban gani ba.

Talata, 10 ga Satumba, tsakar rana

Ya kira. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Mis Verna ta zo, uwar Wendell, da kwanon taliya da cuku a lulluɓe da tawul. A garin nan ko gidanka ne ya ƙone ƙurmus, abin da za a fara kawo maka ke nan.

Tun daga bakin ƙofa take cewa, "Ina 'Yar Gyaɗa tamu?"

Haka suke kiranta. Ranar da na haife ta Mista Orrin ya ɗauke ta a tafin hannu ɗaya ya ce wannan ai 'yar gyaɗa ce, shi ke nan suna ya bi ta. Ni na sha wahalar naƙuda, ni na zaɓi suna mai kyau, amma duk gidan Tillery, dangin mijina, babu mai amfani da shi. Da can dariya nake yi. Yau ban yi ba.

Na ce, "Sunanta Corinne, Mis Verna."

Ta ce, "Allah sarki, kin gaji, 'yata. Dubi idonki."

Duk lokacin da matar nan ta ce maka Allah sarki, abin da take nufi shi ne kanka ya taɓu. Ta zauna ba wanda ya ba ta kujera, ta ɗora tulelen jakarta a cinya, ta fara karanta mini tarihi. Wai tun kakan Orrin gyaɗa ake nomawa a gidan, wai da man gyaɗa aka yaye Wendell, wai ta ina jininsu zai ƙi abin da ya gina su?

Ta ƙara da cewa, "Sai dai ko daga wani ɓangaren abin ya fito. Ban dai ce komai ba."

Na ce, "Ai kuwa kin ce."

Tana fita na juye taliyar a kwandon shara. Na san da man da take soya albasarta. Lurleen ta ce da na bari ita ta ci, na ce ta shiga kwandon ta ɗauko.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban je coci ba. Ina jiyo ƙararrawa daga nan.

Abin da ke cin raina shi ne yarinyar nan ta gaya mana. Tun bakinta bai iya magana sosai ba, in aka sa mata gyaɗa sai ta tofar ta ce tana cizon harshe. Muka yi ta dariya, har da ni. Aka bar shi a kan cewa tsirfa ce irin ta yara, ni kuma na daina saya, tunda ba ta so.

Amma Mista Orrin ba ya barin magana. Aljihun gaban rigarsa ba ya rabo da ƙullin soyayyiyar gyaɗa mai gishiri. Rana ta yi tsaka sai ya sauke ƙofar bayan mota, ya buɗe lemon kwalba mai sanyi, ya kurɓi kaɗan, ya yage ledar da haƙori, ya zazzaga gyaɗar a ciki tana kumfa. Haka ubansa ya yi da shi, haka ya yi da Wendell, kuma tun da aka haifi Corinne yake jiran ranar da zai yi da ita. Ita kuwa in Papo, haka take kiran kakan nata, ya ce ta shiga wuta, tambayarsa kawai za ta yi ta wace ƙofa. Ranar Asabar da ya miƙa mata kwalbar, ta sha ne don kada ta ba shi kunya.

Da ta fara kumbura, shi da Wendell suka ce ta kwanta a inuwa. Manyan mutane biyu, da furfurar ɗaya, suna kallo, suka ba ta ruwa suka ce zafin rana ne. Da ban tashi kai musu abincin rana da wuri ba

Na ce ba zan rubuta ba.

Takalminta ɗaya yana cikin motarsa har yanzu.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Na samu asibitin borin jini da ke birni a waya. Sun ba mu Alhamis, uku ga wata mai kamawa, wai sai jikinta ya huce daga abin da ya faru kafin gwajin ya faɗi gaskiya. Nas ɗin ta yi mini bayani a nutse. Za a ɗiɗɗiga ruwan abinci iri-iri a bayanta, a ɗan tsikari fatar ta cikin kowane ɗigo, a jira kamar kwatan awa. Wanda jikinta ba ya so zai yi ja ya tasa. Ta ja mini kunne cewa mako guda kafin ranar kada a ba ta maganin nan ruwan hoda ko cokali ɗaya, domin yana kwantar da fata, sai abin ya ɓuya.

Na zaunar da Corinne na gaya mata duka, don ba na yi wa 'yata ƙarya.

Ta ce, "Mama, da zafi?"

Na ce, "Kamar mage ta ɗan taɓa ki da farce."

"In na sha mai ruwan hodan fa?"

"Sai ya ɓoye, likita ya kasa gani. Shi ya sa ko kina ƙaiƙayi sai dai ki zo in shafa miki ƙanƙara."

Ta gyaɗa kai ta koma kan zanenta.

Asabar, 21 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Wendell ya zo, kai tsaye daga gona. An fara tonon gyaɗa, ƙurar ta cika masa gira da gashin hannu, kuma a haka yake nufin ya shigo ya rungumi yarinya. Na tare shi a tsakar gida.

Ya ce, "Haba Twyla, 'yata ce fa."

Na ce, "Je ka yi wanka ka sake kaya, sai ta zama 'yarka."

"Yaushe za ku dawo gida? Mutane sun fara magana."

"Gidan da inji ke watsa masa ƙurar gyaɗa ta taga? Su mutanen su zo su kwana a ciki."

Ya cire hula ya mayar. Wai Babansa ba ya cin abinci, wai ba da gangan ya yi ba, wai na san yadda yake ji da ita. Na ce in yana ji da ita me ya hana shi zuwa? Mako biyu ke nan, ko waya tsohon nan bai ɗaga ya ce yaya jikinta ba. Sai Wendell ya sake kawo mini zancen rina, wai akwai sheƙarsu a jikin rumbu.

Nan ne na fashe. Na ce masa ya saurare ni da kyau, in gwajin nan ya nuna gyaɗa ce, ƙafar Corinne ba za ta sake taka gonar nan ba, kuma tsohon nan ya gama ganinta har ya koma ga Mahaliccinsa. Na faɗa da ƙarfi, har karen maƙwabta ya amsa.

Da na juyo na ga ƙofar raga tana motsi. Iska ce ko Lurleen, ban tsaya dubawa ba.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Ya kira. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Daga yau babu magani. Na ɗora kwalbar a can saman kabad ɗin banɗaki.

Malamarsu ta tare ni a bakin bas, wai an ware wa Corinne teburin cin abinci ita kaɗai saboda tsaro, ko ina da ja? Ba ni da ja. Amma na hango ta ta taga tana cin burodinta a ƙarshen ɗaki ita da kujeru uku babu kowa a kai, sai na ji kamar in tuƙa bas ɗin nan in shige tsakiyar gonar Tillery da shi.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Da ƙyar na tashe ta yau ma. Ta yi barci a kan kwanon hatsinta. Ina ganin tsoron Alhamis ne yake hana ta barcin kirki.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

An ba ni kai 'yan ƙwallo wasa garin gaba da yamma, ga Lurleen tana aiki. Babu yadda na iya, Mis Verna ce za ta riƙe ta a wurin cin abincin Laraba na coci. Na dafa mata nata na sa a jaka, na haɗa da allurar, na sa matar nan ta maimaita mini dokokin kamar 'yar aji ɗaya.

Ta ce, "Na raini yara uku, 'yata, ko ɗaya bai mutu ba."

Na miƙa mata jakar abincin na juya. 

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Yanzu muka dawo daga asibiti.

Wendell ya zo, ya yi wanka har da turare. Aka kwantar da Corinne rub da ciki, nas ta rubuta lambobi a bayanta da biro, ta jera ɗigo-ɗigo, ta bi su tana tsikara da wani ɗan roba. Yarinyar nan ko motsi ba ta yi ba. Muka zuba wa bayan ido. Aka jira, aka ƙara jira. Babu abin da ya tasa, fata lumui kamar ba a taɓa ta ba.

Kafin in ankara Wendell ya fice baranda da waya a kunne, ina jiyo shi yana cewa, "Baba! Ba gyaɗa ba ce! Ba abin da ya fito!"

Nas ɗin ba ta yi murmushi ba. Ta kira likita, suka sunkuya a kan ɗigo na farko. Likitar ta ce mini wannan na farkon ba abinci ba ne, shaida ce. Ana sa shi ne don ya tasa a jikin kowane mutum, mai lafiya da marar lafiya. In shi bai tasa ba, to fatar ce aka kwantar, kuma gwajin gaba ɗaya ya tashi a banza.

Ta ce, "Akwai wanda ya ba ta maganin ƙaiƙayi a kwanakin nan?"

Na ce, "Babu." Sai na tuna jiya.

A mota na yi wa Wendell bayani har sau uku. Ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ya sani, an sa mata gyaɗa a fata ba abin da ya faru, sauran duk surutun likitoci ne don a sake dawowa. Har da cewa ranar Asabar Baba zai so ya ga 'Yar Gyaɗarsa, a manta da komai.

Yanzu duk gidan Tillery sun yarda an wanke gyaɗa. Ma'ana duk ranar da na juya baya, wani zai buɗe kwalba ya miƙa mata don ya nuna mini ƙaryata. Wannan karon kuma wa ya san ko za mu kai asibiti.

An sake ba mu rana, sha bakwai ga wata.

Juma'a, 4 ga Oktoba, tsakar rana

Ita ce. Wa ke yawo da kantin magani a jaka in ba Mis Verna ba?

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na je coci. Ba don wa'azi ba.

Ana fitowa na same ta a gindin bishiya ita da matan ƙungiyar mawaƙa, tana ba su labarin yadda Ubangiji ya wanke gyaɗa a gaban likita. Na ce ta ba ni jakarta. Ta yi dariya tana tsammanin wasa ne. Na fizge na zazzage a kan bonet ɗin motar fasto. Alewa, tabarau, allurar ɗinki, man shafawa, ga kuma kwalin ƙwayoyi ruwan hoda, an ɓalle rabi.

Na ɗaga shi sama na ce, "Wannan fa, Verna?"

Matan suka zaro ido. Ba jakar ce ta girgiza su ba, na lura. Sunan ne. Shekara tara ina auren ɗanta ban taɓa kiran sunanta haka tsirara babu Mis ba, kuma a garin nan gara ka mari tsohuwa da ka yi mata haka. Wata a bayana ta ce, "Yesu, ka ji mu."

Mis Verna ta yi fari fat. Ta ce, "Na atishawata ne. Kowace kaka ƙura tana tayar mini. Ban ba ta ko ɗaya ba, Twyla, na rantse da kabarin uwata."

Na ce, "Da jikarki ta mutu, da sai ki kai wa kabarinta taliya da cuku."

Wendell ya ja ni ta hannu, na fizge. Mista Orrin yana can nesa kusa da motar matarsa, bai matso ba. Ya rame, na gani. Ba ruwana.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Bai kira ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na hau kujera zan ɗauko sabulu a saman kabad, hannuna ya taɓa kwalbar maganin, na ji ta da danƙo. Na sauko da ita. Tana nan cike yadda na bar ta, amma launin ya koɗe, ya tsinke kamar ruwan wankin jan zane. Ga ɗan kofin awon an ɓoye shi a bayan kwalbar, ba a wanke ba.

Na kira Corinne. Tana ganin abin da ke hannuna ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe yatsu.

Na ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Corinne Tillery, da ke nake."

Ta ce, "Na taka kwandon wanki ne. Iya layin da kike zuba mini na zuba, Mama, ban wuce ba."

"Sau nawa?"

"Kullum kafin in kwanta. Sai in ƙara ruwa, yadda Anti Lurleen take yi wa sabulun wanke-wanke."

Na zauna a bakin bahon wanka. Na ce don me? Don me za ki yi mini haka?

Ta ce, "Ke kika ce in na sha zai ɓoye. Kuma kin ce wa Baba in ya nuna ba zan sake ganin Papo ba." Sai ta fara shessheƙa. "Kuma in ya nuna, ai na daina zama 'Yar Gyaɗa. To wa zan zama?"

Na kira asibiti nan take, suka yi mini tambayoyi suka ce in dai iya layin ne ba komai, amma in kulle maganin. Na kulle shi a akwatin bas.

Ina cikin fushi har yanzu, fushi mai tsanani, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Na zagi kwandon wanki. Lurleen ta ce in na gama da shi akwai tsintsiya ma a bayan ƙofa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na je gidan Mis Verna. Ban shiga ba, a baranda na tsaya, injin yana ta rugugi a gona.

Na ce, "Mis Verna." Na ja Mis ɗin yadda ko kurma zai ji. Na gaya mata abin da jikarta ta yi, na ce abin da na yi ranar Lahadi ban kyauta ba, kuma zan maimaita hakan a gaban matan da suka gani.

 Ta ce, "Ita kaɗai ta hau ta ɗauko? Saboda Orrin?" Sai ta dafa ƙofa ta ce, "Allah sarki." Karo na farko ke nan da na ji ta faɗe shi ba da wata manufa ba.

Na ce amma maganar gyaɗa tana nan, ba a wanke komai ba, kuma duk wanda ya miƙa wa 'yata kwalba sai na ga bayansa. Ta ce ta ji. Ta nuna mini akori-kurar da haɓa, tana ajiye a gindin rumbu, ganye ya taru a kan gilashin.

Ta ce, "Orrin bai sake shiga motar nan ba tun ranar. Takalmin yana nan inda ya faɗi, ya hana kowa taɓawa. Shi ya fara cewa rina ce, kuma ni na san bai yarda da hakan ba ko na minti ɗaya."

To sai me? Ya ji kunya, sai ya ɓuya a bayan rina ya bar ni ina haushi ni kaɗai kamar mahaukaciya wata guda. Ban ce mata haka ba. Na dai ce ranar Alhamis ne, ƙarfe goma.

Lahadi, 13 ga Oktoba, tsakar rana

Na faɗa a gaban matan. Sun ji daɗinsa fiye da wa'azi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Muna isa na ga Mista Orrin a ɗakin jira, da rigarsa ta zuwa coci, hula a gwiwa. Ana tsakiyar ɗibar gyaɗa, ga hadari ana ta faɗa a rediyo, mutumin da ko jana'izar ƙaninsa sai da ya gama kunyar da yake nomewa ya tafi, yau ya bar gona. Corinne ta ƙwace daga hannuna ta ruga. Na buɗe baki, sai ya ɗaga mini hannuwansa, an goge su har sun yi ja, an yanke farce.

Muka shiga mu duka, har Wendell. Aka sake lambobi, aka sake ɗigo. Wannan karon na shaidar ya tasa nan da nan kamar cizon sauro. Na madara shiru, na ƙwai shiru, na alkama shiru. Na gyaɗa kuwa muna kallo ya yi ja, ya kumbura, ya yi ta faɗi har ya kai murfin kwalba, jan ya bazu ya cinye lambar da ke kusa da shi. Nas ta auna da 'yar rula. Wendell ya zauna a ƙasa, a ƙasa fa, ya rufe fuska.

Na ɗauka zan ji daɗi. Wata guda ina jiran in ga fuskokinsu. Ban ji komai ba sai tausayin bayan 'yata.

Ita ba ta iya ganin bayanta. Ta juyo da kai ta ce, "Papo, ya nuna?"

Ya murza hular nan kamar zai yaga ta. Ya ce, "Ya nuna, Corinne."

Tunda aka haife ta bai taɓa furta sunan ba. Na ga yadda ya shige ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai tura fuskarta cikin filo ta yi lamo. Shi kuma ya juya ya fita.

Na bi shi. A wurin ajiye motoci na cim masa, yana laluben makulli.

Na ce, "Mista Orrin, wace ce Corinne?"

Ya ce, "Sunan da kika sa mata ne. Shi kike so, ai."

"Yarinyar nan ta yi mako guda tana shan magani a ɓoye don kada ka daina kiranta da wancan sunan, shi ne za ka zo yau ka yanka ta da bakinka? Koma ciki."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ta yaya zan kira ta da abin da ya kusa kashe ta? Ni na zuba mata da hannuna, Twyla. Tana ce mini tana cizo, ina ce mata ta daure."

Na ce, "Na sani. Ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Gyaɗar aljihunka za ka bari, ban ce ka bar ta bakinka ba."

Ya kai hannu ƙirji ya nuna mini. An ɗinke bakin aljihun ruf da baƙin zare, ɗinki karkatacce, ba na Mis Verna ba ne. Ya ce duka rigunansa haka ya yi musu.

Ya koma. Ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofa. Na ji ya gyara murya ya ce, "Ke 'Yar Gyaɗa, wa ya ce ki kwanta kamar buhu? Tashi ki nuna wa tsoho inda ake soka allurar nan taki."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin mai ƙarfi, har nas ta leƙo. Likita ta ba shi allurar koyo wadda ba ta da tsini, ya yi ta dannawa a cinyarsa, Corinne tana ce masa bai iya ba, ya sake. Na ce kafin ta taka ko bakin gonar sai an gama ɗiba ƙura ta kwanta, kuma sai ina wurin. Babu wanda ya kawo zancen rina.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ya kira. Na ɗauka. Kafin Wendell ya ce komai na ce ya wanke takalmin nan ya kawo.